Ruwa na Uku

A ƙasar Matameye akwai wani ɗan itace da ake kira anza. Ba shi da tsawo, ba shi da inuwar kirki, kuma in dai ana cikin wadata ba mai ɗaga ido ya dube shi, sai ko manomin da zai tsinki ganyensa ya shimfiɗa a rumbu saboda ƙwari. Amma duk tsananin rani ba ya sa shi kaɗe ganye. Shekarar da gero ya ƙone a gona ita ce shekarar da anza ke cika da 'ya'ya, kamar da gayya. Ƙwayar da ke cikin ɗan tana ƙosarwa, tana kuma kisa, ya danganta da hannun da ya gyara ta.

Baiwa, matar da za a ba da labarinta, a Kurni aka haife ta, a gidan Manu mai tufkar igiya. Uwarta ta rasu tana goye, sai ƙanwar ubanta, Gwaggo Mairama, ta ɗauke ta. Gwaggon nan ta taɓa ganin yunwa tun tana budurwa, yunwar da ta cinye mata ƙanne biyu, kuma har ta koma ga Allah ba ta ƙara amincewa da damina ba. Ko an yi shekarar da rumbuna suka tumbatsa, sai ta kama hannun yarinyar su shiga daji tsinkar anza. Mutane na dariya, ita ko a jikinta.

A wurinta Baiwa ta koyi aikin. A fasa ɗan, a shanya ƙwayar, a surfa a fitar da ɓawo, a tafasa sau ɗaya, sannan a jiƙa a babbar tukunya. Kowace safiya a tsiyaye ruwan a rami, a rufe da ƙasa kada kaji su sha, a zuba sabo. Ruwa bakwai, kwana bakwai. Na farko da na biyu ba sa kashe kowa, domin ɗacinsu ba ya barin mutum ya haɗiye. Na uku ne mugun. A nan ɗacin ke barin bayan ƙwayar ya koma ciki ya laɓe, ita kuwa ta yi laushi, ta yi fari, ta zama kamar dafaffen wake. Mai jin yunwa zai cika cikinsa da ita bai ji komai ba, sai rana ta juya sannan cikin ya fara murɗawa. Ƙaƙƙarfan mutum mai ƙoshi yakan sha wuya ya tashi. Wanda yunwa ta riga ta rarake kuwa, da wuya ya kai labari.

Gwaggo ta koya mata har yadda ake ɗanɗanawa. A tauna ƙwaya ɗaya, kada a haɗiye, a riƙe ta a baki har a karanta Fatiha sau uku a zuci. In maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, a tofar a ƙara ruwa. Ta kuma koya mata maganin wanda ya yi kuskure ya ci: ruwan ɗumi da jar kanwa da tsamiya, a ɗura masa har ya amayar, sannan a kwantar da shi a inuwa, kada ya yi tafiya cikin rana.

Da ta isa aure aka kawo ta Matameye, gidan Isufu mai saƙar zana, mutumin da zai iya yini bai yi magana goma ba. Sun dace, domin ita ce ke yin sauran. Ta haifi biyar, ƙasa ta karɓi huɗu, aka bar mata ta ƙarshen, Zainabu. Duk shekara sai ta jiƙa tukunya ɗaya ta anza don kada hannunta ya manta, ko da kuwa ba mai ci sai ita. Maƙwabciyarta Fadima, wadda bakinta ba ya riƙe magana ko ta minti ɗaya, takan leƙo ta kan danga ta ce, "Baiwa, kin fara yi wa yunwa shimfiɗa ke nan? Ki bari mana ta yi sallama tukuna." Baiwa takan ce, "Ranar da ta zo, da ƙwaryarki za ki shigo gidan nan." Su yi dariya, kowa ta koma bakin aikinta.

Nasara sun ci ƙasar tun Zainabu na 'yar talla. Baiwa ba ta san su sosai ba. Sau biyu ta hango ɗaya a kan doki, jajawur, yana share gumi. Abin da ta fi sani game da mulkinsu shi ne yawan neman mutane: yau a ba da masu sharar hanya, gobe a ba da masu ɗaukar kaya a ka. Sarki ya karɓi umarni daga Kumandan, babban Nasaran yankin, mai gari ya karɓa daga sarki, dogari ya shiga gida-gida. Wanda aka kama ya tafi, wanda ya dawo ya gode wa Allah.

Zainabu ta girma, ta yi farin jini. Wanda ya same ta wani ɗan fatake ne daga birnin Damagaram, Muntaka, wanda ke biyo jakunan ubansa suna sayen fata a kasuwannin ƙauye. Ya gan ta, ta gan shi, manya suka shiga magana, aka ɗaura, ya tafi da ita birni. Gidansu gidan tsofaffin 'yan kasuwa ne, irin waɗanda arzikin ya fara janyewa amma girman kan bai ji labari ba. Baiwa ta san da haka. Kullum fargabarta kada a ce wa 'yarta 'yar ƙauye, don haka ta riƙe surukuta da hannu biyu, har ta fi yadda aka saba.

Ita kuwa surukuta a wannan ƙasa ba wasa ba ce. Uwar mata ba ta faɗin sunan mijin 'yarta, ba ta haɗa ido da shi, in sun yi kiciɓis a hanya ɗaya ya ratse. Shi kuma in ya zo gaisuwa a zaure zai tsaya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi magana da ƙasa. Ba ya ci, ba ya sha a gaban surukai, ko da maƙogwaronsa zai tsage. In akwai saƙo, sai a nemi na uku ya tsaya a tsakani, ko da kowa na jin kowa. Shekara biyar da auren, har an haifi 'yar jika A'ishatu, Baiwa ba ta taɓa ƙare wa fuskar Muntaka kallo ba. Ta san muryarsa, ta san takalmansa, ta san gyaran muryar da yake yi kafin sallama. Kuma tana son sa, domin Zainabu ba ta taɓa zuwa gida da kuka ba.

Sai aka shiga shekarar da tsofaffi ke kira Kakalaba. Ruwa ya sauka sau uku, ya ɗauke lokacin da gero ke bunni, bai kai ga yin ƙwaya ba. Kafin sanyi ya wuce an share rumbuna, an ci dusa, an fara tonon gidan tururuwa. Isufu ya bi wasu maza suka yi kudu, wajen Daura, ko za a samo hatsi. Baiwa ta rage ita kaɗai a gida, ita da tukwanenta huɗu, waɗanda ta jera a kusurwar zaure domin nan ya fi sanyi.

Fadima ta shigo da ƙwaryarta kamar yadda aka faɗa mata, kuma ba ita kaɗai ba. Duk garin ya koma anza, amma waɗanda suka san ta ba su da yawa. Sai ya zamana kowace safiya mata na layi a ƙofar gidan, kowa da 'yar ƙwayarta a tafin hannu, Inna Baiwa ta ɗanɗana ta yanke hukunci. Ruwan rijiya ya ja ƙasa, guga na fitowa rabi laka, ga shi anza ba ta san tsimi ba. Kowa na so a ce masa ruwa biyar ya isa. Baiwa ba ta taɓa cewa haka ba.

A kan anza ba ta jin kunyar kowa. Wata Rakiya ta zo da yara uku suna kuka, ta rantse da Allah tata ta kwana bakwai. Baiwa ta tauna, ta tofar, ta ce, "Ruwa huɗu ne, kuma na jiya ma ba ki sake ba. In kashe su kike so, ki nemi wata hanya, ba da bakina ba." Rakiya ta fita tana zagi. Matar mai gari ta aiko da tata a rufe cikin faifai mai ado, aka mayar mata da amsa iri ɗaya. An ji haushinta ƙwarai a watannin nan, amma a unguwarsu ba a binne kowa saboda anza ba, alhali a wasu unguwannin an binne.

Wata ranar Talata da hantsi, ayarin masu ɗaukar kaya ya iso daga Damagaram. Wani Nasara ne zai koma ƙasarsu ta hanyar Kano, aka tara mutum kusan arba'in su kai akwatunansa da ɗaurin fatu har iyaka. Soja ɗaya da tafinta ke kora su. Aka sauke kaya a gindin itatuwan kasuwa, aka ce a huta har azahar. Baiwa na tsakar gida tana surfe sai ta ji gyaran muryar da ta sani, sannan sallama ta biyo baya, a hankali, kamar mai tsoron kada a ji.

Ta ja mayafi, ta matso bayan zanar da ta raba zaure da cikin gida. Suka gaisa, shi da ƙasa, ita da zana. Ya ce mutanen gida lafiya, yarinya ta fara tafiya. Ya ce mai unguwarsu ne ya ba da sunansa cikin masu ɗaukar kaya, kwana biyu ke nan suna hanya. Bai ce komai game da abinci ba, ba kuma zai ce ba. Amma muryar ta gaya mata. Ta sunkuya ta dubi ƙafafunsa ta ƙasan zana, ta ga sun kumbura, ƙwaurin kuwa ya zama kamar kara.

A gidan babu ko loma. Tukunyar da ta nuna jiya aka rabe ta, sauran ukun da ke da anza duk ranar Lahadi aka jiƙa su tare, yau suna ruwa na uku. Ta ce da zana, "A ɗan jira," ta fita ta ƙofar baya zuwa gidan Fadima, don ta zo ta tsaya a tsakani, ko kuma a dace tana da ɗan abin da za a ba baƙo. Fadima ba ta da komai sai labari. Ta ce ga ta nan zuwa, bari ta ɗaura kallabi.

Baiwa ta riga ta dawowa. Tana isowa bayan zana ta ji ƙarar faifai. Ta sa ido a wata 'yar kafa, ta ga abin da ba ta taɓa zaton za ta gani ba. Surukinta na durƙushe gaban tukunyar tsakiya, hannunsa cikin ruwa har gwiwar hannu, yana damƙowa yana turawa a baki, ba ya ko taunawa sosai. Idonsa na kan ƙofa. A ranar ta fara ganin fuskarsa da kyau, kuma ba fuskar da zai so a gani ba ce.

To, a nan ne kuskuren ya faru, kuma bai ɗauki lokacin da za a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Matar da ta fatattaki Rakiya, ta mayar wa matar mai gari faifanta, ba ta buɗe baki ba. Ƙafarta ce ta ja da baya da kanta, a hankali, don kada ya ji motsi ya gane an gan shi. Ba shawara ta yi ba, jikinta ne ya yi abin da aka koya masa tun yana ƙarami. Ta tsaya ta ƙirga damƙa uku. Nawa ya ci kafin ta iso, Allah kaɗai ya sani. Ta ji ya daidaita saman anzar da tafin hannu, ya mayar da faifai, ya goge hannu a cikin riga, ya koma inda yake.

Sai a lokacin hankalinta ya dawo, ya kuma dawo da lissafi iri biyu. In ta shiga ta ce na gani, za a ɗura masa magani, a roƙi soja ya bar shi ya kwanta, wataƙila ya rayu. Amma zai rayu a matsayin mutumin da aka kama da hannu a tukunyar surukarsa. Fadima na hanya, kafin la'asar kasuwa ta ji, kafin Juma'a Damagaram ta ji. 'Yan mata za su sa shi a waƙa. Ɗan gidan fatake ba zai iya zama da matar da uwarta ta gan shi a haka ba, ko ya sake ta, ko ya shiga duniya. A'ishatu kuma za ta tashi da sunan da ba a raɗa mata ba. In kuwa ta yi shiru, tana iya gaya wa kanta damƙa uku ba za ta kashe saurayi ba. Ta gaya wa kanta hakan, ta kuma san ƙarya take yi, domin ta ga ƙafafunsa.

Ta zaɓi hanya ta tsakiya, wadda take ganin za ta tsirar da duka biyun. Ta hura wuta, ta ɗumama ɗan ruwan da ta ajiye don shan yini, ta jefa jar kanwa da tsamiya, ta juye a ƙwarya. Fadima na shigowa ta miƙa mata.

"Kai wa baƙo ruwa."

Fadima ta sunsuna. "Wannan wane irin ruwan baƙo ne, Baiwa?"

"Na masu tafiya cikin rana ne. Kai masa."

Fadima ta shiga zaure ta ajiye a gabansa. Muntaka ya yi godiya, kansa a ƙasa, ya ce sun sha ruwa a kasuwa. Fadima ta ce ya daure ya kurɓa. Ya ce alhamdu lillahi, a yi wa Inna godiya. Haka ya kamata suruki ya amsa, kuma Fadima ta ji daɗin amsar, har ta juyo tana cewa, "Kin ji 'yan birni, Baiwa. Tarbiyya ta gaji haka."

Baiwa ta ɗaga murya yadda zaure zai ji, ta ce, "Fadima, ki gaya wa mutanen da ke zaure, tukwanen nan ba su yi ba. Ruwa na uku ne. Ba a jin ɗacinsa a baki, amma ko kaza ta ci ba ta kwana. Wanda duk ya taɓa, abin da ke cikin ƙwaryar nan ne maganinsa."

Can Muntaka ya ce, da murya daidai, "A gaya wa Inna ba a taɓa ba."

"Haba Baiwa," in ji Fadima, ranta a ɓace. "Wace irin magana ce wannan? Wa zai taɓa miki tukunya? Mutum ya zo gaishe ki da mutuncinsa."

Nan take Baiwa ta gane abin da ta yi. Kafin ta yi maganar, da ya kurɓi ruwan, ƙaramar kunya ce, ta surukin da ƙishirwa ta fi ƙarfinsa. Yanzu kuwa in ya kai hannu ga ƙwaryar a gaban Fadima, ya amsa laifi ke nan. Da bakinta ta toshe masa hanya. Saura kalma biyu suka rage mata, na gani, kuma tana jin su a kan harshenta. Shi ma ya ji cewa abin da ya ci na kisa ne, ya kuma ba da amsarsa. Kowannensu ya san ɗayan ya sani, zana ce kawai a tsakaninsu.

Ta yi dabara ta ƙarshe. Ta kira Fadima ciki, ta ja ta har bayan ɗaki wai ta taya ta duba wata kaza da ta ɓata, don a bar shi shi kaɗai da ƙwaryar. Ta riƙe ta da surutu iya yadda za ta iya. Da suka dawo babu takalma a ƙofar zaure. Ƙwaryar na nan inda aka ajiye ta, ruwan bai ragu ba. A gefenta akwai wani ɗan ƙullin tsumma. Baiwa ta kwance, ta ga dabino ne guda tara, busassu, irin ɗaurin Zainabu. Kwana biyu yana tafe da su a aljihu, yunwa na cin sa, bai taɓa ko ɗaya ba, domin saƙo ne aka ba shi ya kai.

Ta ɗauki ƙwaryar ta bi shi har bakin kasuwa. Ta tarar ayari na tashi, soja na daka tsawa, mutane na taya juna ɗora kaya. Ta hango shi an aza masa wani akwati mai baƙin ƙarfe a kusurwoyi. Kasuwa cike da idanu. Layin ya biyo ta inda take tsaye, da ya zo daidai da ita sai ta juya fuska ga bango, kamar yadda ta saba yi shekara biyar. Shi ma ya kawar da kai ya wuce. Ta koma gida ta zubar da ruwan a rami.

Bayan kwana huɗu labari ya zo ta bakin Ummaru, wani mutumin garin da aka ƙara a ayarin. Ya ce tun kafin la'asar ta yi sanyi Muntaka ya fara riƙe ciki. Sojan ya ɗauka lalaci ne, ya tsula masa bulala biyu, da ya ga amai sai ya sa aka raba kayansa. Suka bar shi a gindin wata tsamiya kafin a kai Ɗan Barto. Ummaru ya tsaya a kansa ɗan lokaci, ya tambaye shi ko ya ci wani abu ne. Ya ce bai ci komai ba, yunwa ce. A dawowarsu mutanen wata ruga suka nuna musu kabarin. Tafinta ya gaya wa Nasara zazzaɓi ne, Nasara ya gyaɗa kai, aka ci gaba da tafiya.

Garin bai rasa abin faɗa ba, Fadima ta tabbatar da haka. Labarin ya fita gida biyu. Na farko yabo ne: ga wani ɗan halak da ya gwammace ya mutu da yunwa da ya sha ko ruwa a gidan surukai. Har malamai sun kawo shi misali a wurin ɗaurin aure. Na biyu kuwa na Baiwa ne: tukwane cike a zaure, suruki ya shigo da ƙafa a kumbure, abin da ya samu kawai shi ne gorin kada ya taɓa. Masu jin haushinta tun kan anza suka samu abin da suke nema. Rakiya ta ce ita dama ta san zuciyar matar nan dutse ce, ta faɗi haka tana goye da yaron da ya rayu saboda dutsen.

Baiwa ba ta kare kanta ba. Kariya ɗaya ce take da ita, kuma in ta fito da ita, yabon da ake yi wa mamaci ya rushe, mutuwar tasa ta tashi a banza. Da Isufu ya dawo da ɗan buhun dawa a kafaɗa ya ji zancen a hanya, ya tambaye ta sau ɗaya. Ta ce anzar ba ta yi ba. Ya dube ta, ya ɗauki zanarsa ya ci gaba da saƙa, bai sake tayar da maganar ba har ya mutu.

Zainabu ta gama takaba ta dawo gida da A'ishatu. Ba ta yi wa uwarta rashin kunya ba, ba ta kuma yi tambaya ba. Tana gaishe ta, tana yi mata aiki, amma hirar da suke yi da can ta mutu. Daga baya ta auri wani manomi a unguwar gabas, ta haifi wasu 'ya'yan. A'ishatu ta tashi da labarin ubanta a baki. In yara suna gori, takan ce ita 'yar wanda ya mutu bai ci a gidan surukai ba ce, kuma ba mai iya mayar mata. Sau da yawa a gaban kakarta take faɗa, kakar na tsince tsakuwa a hatsi, ba ta ɗaga kai.

Baiwa ta yi shekara goma sha tara bayan wannan. An sake yin wata yunwar, wadda fara ta jawo, mata suka sake yin layi a ƙofarta, ta sake ɗanɗana musu da 'yan haƙoran da suka rage, ba ta sassauta wa kowa ko ruwa ɗaya ba. Ba ta yi arziki ba, ba ta je ko'ina ba, iyakarta Kurni in an yi rasuwa. Abin da ke ranta kuwa bai tsufa tare da ita ba. Tana jin zafinsa kamar ranar da ya faru, kuma ba ta taɓa samun wanda za ta gaya wa ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, Zainabu ce ta dawo gidan tana jinyarta. Wata rana da hantsi, bayan ta shafa mata mai a ƙafa, tsohuwar ta riƙe hannunta. Ta yanke shawara tun asuba cewa ba za ta shiga kabari da abin ba. Tana so ta nemi gafara, kuma mai gafarar ɗaya ce ta rage a duniya.

"Zainabu," in ji ta, "ranar da mutumin nan ya zo gidan nan..."

"Inna, bar shi," in ji Zainabu. Hawaye ya cika mata ido. "Na san abin da za ki ce. Na riƙe ki a zuciya shekara da shekaru, na ce me zai hana ki ba shi ko damƙa ɗaya. Sai da na ga yunwar nan ta biyu da idona na gane ba rowa ba ce, tsoro kika ji masa. Na yafe miki, duniya da lahira. Ni abin da ya riƙe ni duk shekarun nan, Inna, shi ne na san ya tafi da mutuncinsa. Shi kaɗai ya bar mana, ni da yarinyar nan. Da ba don shi ba, ban san yadda zan yi ba."

Laifin da aka yafe wa Baiwa ba shi ta yi ba, wanda ta yi kuwa ba yadda za a yafe shi sai an karɓe wa Zainabu abin da take riƙe da shi.

"Me za ki ce, Inna?" in ji Zainabu.

"Shi ke nan abin da zan ce," in ji Baiwa. "Allah ya yi miki albarka."

Ta rasu bayan kwana biyu, ranar Alhamis, aka kai ta kafin azahar.